Kafin ka miƙa wa ɗan jari-bola sifikokin mahaifinka



Maganar da zan kawo yau wasu za su ga ba ta kai a ɓata mata shafi ba, a lokacin da ake fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, domin akwai kuɗi a cikinta, akwai kuma sana'ar da ke neman kuɓuce mana. Ra'ayina ne ni kaɗai, shugabannin ƙungiya ba su zauna a kai ba tukuna.

Duk mazaunin Jekadafari ko Herwagana ko Bolari ko Tudun Wada ya saba ganin 'yan jari-bola suna tura baro lungu-lungu. Cikin tarkacen da suke kwasa, lokaci zuwa lokaci za ka hango manyan akwatunan sifika na katako, irin waɗanda iyayenmu ke girkewa biyu a falo, ɗaya dama da shogilas ɗaya hagu. Ɗan jari-bola ba sauti ya saya ba. Abin da yake so shi ne maganaɗisun da ke baya da ƙarfen da ke riƙe da shi, sai 'yar wayar kwafa da ke ciki. Guduma ɗaya ya gama, katakon kuma ya tafi murhu. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Laifin yana wurin mai gidan da ya sayar da kaya a farashin kilo, alhali sau da yawa abin da ya lalace a jikinsu bai wuce wani zoben soso da ya ruɓe ba.

Yana da kyau matasanmu su san yadda waɗannan kaya suka shigo gidajenmu. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin da ake kira Udoji, har da bashin watannin baya a dunƙule. Gombe a lokacin tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, shekara guda kafin a ƙirƙiro Jihar Bauchi, shekara ashirin da ɗaya kafin mu samu tamu jihar a 1996. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da na reluwe suka wayi gari da kuɗi a hannu, wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, da yawa kuma suka sayi kayan sauti. Ga 'yan kasuwar auduga da gyaɗa, ga alhazai da ke dawowa daga Makka da rakoda a kafaɗa, daga baya ga ma'aikatan kamfanin siminti na Ashaka. Naira a wancan zamani ta fi dalar Amurka daraja, don haka National da Sony da Pioneer da Kenwood da Akai da Sansui sababbi fil ake sayensu, ba gwanjo ba. Da aka karya darajar Naira a 1986, zamanin Babangida, sai sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma 'yan kwatano. To, sifikar da ke jibge a sito a gidanku, in ta wancan zamani ce, an saye ta ne lokacin da talakan Nijeriya ke iya sayen abu mai daraja ta ɗaya. Yau in ka ce za ka nemi sabuwa mai irin wannan katako da irin wannan maganaɗisu, albashin wata ba zai kawo ta ba.

Ta cikin waɗannan akwatuna da yawanmu muka fara jin Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, ta cikinsu aka saurari tafsirin azumi daga Rediyon Kaduna, da ƙira'ar Abdulbasiɗ da Minshawi a kaset. Amma ba na so in jingina hujjata da begen zamanin da ya wuce. Bege ba ya gyara komai. Hujjata ita ce sifika na cikin 'yan kayan lantarki ƙalilan da aka ƙera su yadda hannun mutum zai iya gyara kowane sashe nasu.

Ku buɗe bayanta ku gani. Babu wani abin sihiri. Akwai maganaɗisu mai nauyi, a tsakiyarsa da wata siririyar kafa zagayayya. A cikin kafar akwai kwayil, wato siririyar wayar kwafa da aka naɗe a jikin ɗan bututu. Bututun yana manne da faifan takarda mai siffar mazurari. Idan amfilifaya ta turo wutar sauti cikin kwayil, sai ya riƙa motsi gaba da baya a cikin maganaɗisun, takardar ta tura iska, kunne ya ji murya. Shi ke nan. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, su suka fito da wannan tsari a 1925, kuma har yau sifikar da ke cikin wayar hannunka a kansa take tafiya. Babbar sifikar da ke ƙasa ita ke ba da kaurin sauti, masu gyara na ce mata wufa. 'Yar ƙaramar ta sama, tiwita, ita ke fitar da siririn sauti, irin kaifin kukuma da harafin sin a bakin mai karatu. Tsakaninsu akwai ɗan allo mai kafasita da ke raba wa kowacce nata rabon. Ita sifikar ba a jona ta da wutar Nepa, shi ya sa hawa da saukar wuta da ke ƙona mana talabijin da firji ba kasafai yake taɓa ta ba. Amfilifaya ce ke shan wannan duka.

Abin da ke kashe ta a garin nan sanannu ne. Zoben da ya haɗa bakin takarda da ƙarfe, in na soso ne, shekaru da zafin Maris da Afrilu suna mayar da shi gari, ka taɓa shi ya zube a yatsa. Masu zoben ƙyalle sun fi jurewa. Ƙurar hunturu tana shiga kafar kwayil. Damina in ta samu akwatin a ƙasa, katakon da aka yi da dusar itace sai ya kumbura ya fashe daga gindi. Ɓera ya yi sheƙa a cikin audugar da ke ciki, gara ta bi bango ta hau. Sai kuma aron biki, wanda ya fi su duka ɓarna: a ɗauki sifikar falo a kai ta tsakar gida, a murɗe amfilifaya har ƙarshe tana kakari, kafin a watse tiwita ta ƙone.

Kwanakin baya wani ɗan ƙungiyarmu ya fito da na marigayi mahaifinsa, guda biyu ƙirar Japan, na raka shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ya haura shekara sittin. Na zauna na ga aikin, kuma shi ya sa nake wannan rubutu da ƙarfin gwiwa. Abu na farko, dattijon bai yarda a kunna su ba. Ya ce sifikar da zobenta ya ruɓe in aka ba ta sauti, kwayil zai karkace ya riƙa gogar ƙarfe, ƙaramin gyara ya zama babba. Ya ɗauko mita ya auna. A bayan akwatin an rubuta om 8, mita ta nuna shida da 'yan kai a duka biyun, ya ce haka ake so, kwayil na da rai. Da ta nuna babu komai, da waya ta tsinke. Ya ɗauki batirin tocila ɗaya ya ɗan taɓa wayoyin, takardar ta yi tsalle waje da 'yar ƙara. Sannan ya baza yatsunsa a kan takardar ya danna a hankali, kunnensa a kusa, yana sauraron ko zai ji ƙarar guga. A ɗaya bai ji ba, a ɗayar ya ji kaɗan.

Daga nan aikin haƙuri ne. Ya kankare tsohon gam daga bakin ƙarfe da bakin takarda da 'yar wuƙa, a hankali kamar mai fiɗar fatar layya yana tsoron huda ta. Ya yanke 'yar hular da ke tsakiyar takarda, ya hure ƙurar da ke ciki, ya yayyanka tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya cusa a kewayen kwayil, don ya tsaya daidai tsakiya kada ya jingina da kowane gefe. Sai ya shafa gam ya ɗora sabon zobe, ya bar shi ya kwana. Washegari ya zare fim ɗin, ya mayar da hular. Ya canza kafasita a akwatunan biyu da masu lamba iri ɗaya da na asali, domin a cewarsa tsofaffin sun bushe, shi ya sa sauti ke fita kamar mai mura. Kafinta ya gyara gindin da ruwa ya ci, ya toshe duk wata kafa, aka goge katakon aka shafa masa mai. Da aka jona su aka sa karatu, mai kayan bai ce komai ba na ɗan lokaci. Abin da ya kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin sabuwar 'yar MP mai matsakaicin girma ba.

Wani abu da dattijon ya nace a kai, kuma nake so a riƙe shi: duk abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗayar. Sifikokin falo tagwaye ne. In aka sa wa ta dama sabon zobe aka bar ta hagu da tsoho, sautin zai rinjaya gefe guda. Haka in aka juya wayar ɗaya, ja ta koma wurin baƙa, takardar wannan tana fita ta waccan tana shiga, sai kaurin sautin ya ɓace, mutum ya ɗauka kayan ne suka mutu. A nan zan ɗan ratse in yi magana da masu rabon gado. Na sha ganin an ba wannan magaji sifika ɗaya, an ba wancan ɗaya, amfilifaya ta tafi wani gida na uku, a ce an yi adalci. Kowa ya tashi da abin da ba zai amfane shi ba, ƙarshe duk su haɗu a baron jari-bola. A yi musu kuɗi a haɗe, magaji ɗaya ya ɗauka a cikin kasonsa. Kuma kafin a yi kuɗin a tambayi mai gyara, kada a tambayi mai sikeli.

Ba kowane mai allon gyaran rediyo ne zai yi abin da na bayyana ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ta sa mutane da yawa suka yanke ƙauna da gyara. Akwai mai gyaran gangar Abzinawa, wanda zai malala sufa-gulu a bakin takarda. Wannan gam in ya bushe ƙanƙara yake zama, wurin da ake so ya riƙa lanƙwasa sai ya sandare, bayan sati biyu takardar ta tsage. Akwai wanda in kwayil ya ƙone zai naɗa sabo da duk wayar da ya samu a teburinsa, bai ƙirga zagayen tsohon ba, bai duba kaurin wayar ba. Sifikar za ta yi magana, amma om ɗinta ya canza, amfilifaya ta riƙa zafi. Mafi muni shi ne wanda zai ce maka wufar ta mutu, ya cire ta asali ya ajiye wa kansa, ya ɗaura maka ta mota mai om 4. Akwatin da wufarsa tare aka auna su a masana'anta, girman cikinsa da audugar da aka cusa duk da lissafi, ba kowace za ka ɗaura ta zauna ba. Don haka kafin ka bar kayanka a shago, ɗauki hoton bayan maganaɗisun da wayarka, ka sa alama da fenti, ka kuma ce duk abin da aka cire a ba ka shi a hannu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Sakatare, ina wutar da za a kunna su? 'Yar MP ana cajinta, ana tafiya da ita gona da shago da majalisa, tana karɓar memori da Bluetooth. Gaskiya ne, ni ma ina da ita, kuma ban ce kowa ya yar da tasa ba. Sai dai ku lura da yadda aka ƙera ta. Batirin yana manne a ciki, allon ɗaya ne da ƙananan abubuwan da ido da ƙyar yake gani, jikin roba. Ranar da batirin ya kumbura ko wurin caji ya karye, mai gyara zai ce maka sayi wata ya fi sauƙi. Nawa ka saya a shekara biyar da suka wuce? Haɗa kuɗin ka gani. Kada kuma lambar da ake rubutawa a kwali ta ruɗe ka. Za ka ga abu kamar bulo an rubuta masa wat dubu biyar, tsohuwar sifika mai tsayin yaro ɗan shekara huɗu an rubuta mata arba'in ko sittin. Ta tsohuwar ita ce lambar gaskiya. Araha ba ta ado.

Maganar wuta kuwa tana da amsa yanzu. Akwai ƙananan amfilifaya da ba su fi tafin hannu ba, masu aiki da batir mai bolt 12, irin na sola da ke gidaje da yawa, kuma suna da Bluetooth. Ka jona tsofaffin sifikokin a jikinta, ka turo karatu ko labarai ko waƙa daga wayarka. Falo ba ya buƙatar wat mai yawa, kaɗan ya isa ya cika ɗaki. Wanda tsohuwar amfilifayarsa ta mutu ba a samun kayanta, wannan ita ce hanyarsa. Wanda kuma ya ce shi ya daina jin kiɗa, to sifika ba ta san kiɗa ba, abin da ka ba ta shi take faɗa. Makarantun Islamiyya nawa ne a unguwanninmu malami ke ƙaraji da maƙogwaro a aji mai yara tamanin? In ba ka buƙatar su, gyara ka ba da, ya fi a sa musu guduma.

Akwai waɗanda ba su cancanci wahala ba, kada a ce na ce komai a gyara. In maganaɗisu ya tsage ko ya goce daga mazauninsa, in gara ta cinye akwatin ya zama ɓawo, ko kuwa dama can 'yar roba ce mara nauyi da ta zo da ƙaramar rakoda, a bar wa jari-bola. Ɗaga ta ka ji. Nauyi yakan faɗi gaskiya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya shafi ƙungiya kai tsaye. Masu wannan aiki suna ƙarewa. Ka zaga Sabon Layi da kewayen Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, masu gyaran waya ba sa ƙirguwa, kowane da yara uku huɗu a gabansa. Masu gyaran rediyo da amfilifaya kuwa, waɗanda suka iya naɗa kwayil da hannu, suka iya bin layin wuta da mita har su gano inda ta tsaya, yawancinsu furfura ta cika musu kai, kuma benci babu yaro. Dattijon da na ambata ya ce yaran da ake kawo masa ba sa wata uku, sai su ce gyaran waya ya fi kawo kuɗin yau. Ranar da irinsa suka kwanta dama, ilimin ya bi su, domin ba a littafi yake ba, a yatsu yake.

Kuma kada a ɗauka sana'ar marmari ce ta masu son tsofaffin kaya. Ku ƙirga masallatan Gombe, kowanne da amfilifaya da lasifika a sama, kuma kwayil ɗin lasifika yana ƙonewa, balle a watan azumi da ake aiki da ita dare da rana. Ga makarantu, ga majami'u, ga masu kiɗan biki, ga masu tallan magani a kasuwa, ga 'yan siyasa da motocin kamfen duk bayan shekara huɗu. Wanda ya iya gyara wufar falo shi ne zai gyara duk waɗannan. In babu shi a gari, kwamitin masallaci zai riƙa sayen sabuwa duk lokacin da ta yi shiru, ko a ɗora kaya a mota zuwa Kano ko Jos. Kuɗin jama'a ne ke fita.

Turawan da suka koya wa duniya saya-ka-yar su ma sun fara dawowa daga rakiyar. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa liƙa wa wasu kayan lantarki, irin su waya da talabijin da injin wanki, maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, don mai saye ya sani tun a kanti. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ba mai kaya haƙƙin a gyara masa. Su da doka suke neman dawo da abin da mu muke da shi a bakin kasuwa muna kallo yana mutuwa. A can tsofaffin sifikokin Japan da Ingila na shekarun 1970 suna da masu nema, ana gyara su ana sayarwa da daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan cikin gari, akwai kuma hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, da ke da tsarin tura matasa koyon sana'a wurin masu sana'a. Zan so a ce irin waɗannan wurare sun nemo dattawan nan sun haɗa su da ɗalibai, mai takarda ya kawo lissafin om da wat, mai yatsu ya kawo nasa. Amma ba sai mun jira gwamnati ba. Kowace shekara muna fitar da kuɗi daga asusun taimako, mafi yawa a kan abin da ake ci a gama a rana ɗaya. Shawarata ita ce mu ware wani kaso mu ɗauki matasa biyu daga cikin 'ya'yan ƙungiya, waɗanda suka gama sakandare suna zaune, mu kai su wurin mai gyara na ƙwarai na tsawon shekara guda. Mu biya shi ladan koyarwa, mu ba yaran kuɗin mota da na abincin rana don kada yunwa ta kore su zuwa gyaran waya, in sun kammala mu saya musu mita da abin narka dalma da sauran kayan aiki. Koyo kuma yana son abin da za a koya a kai, a nan ne tsofaffin sifikokin da ke sito za su yi rana: masu su su kawo, a gyara a gaban yaran, a biya kuɗin aiki kamar yadda aka saba.

Zan sa wannan batu a ajandar taronmu na ƙarshen wata, in shugaba ya amince. Kafin nan, duk mai irin waɗannan sifikoki a gida, ya ɗauke su daga ƙasa ya ɗora a kan benci tun damina ba ta same su ba, ya rufe su da tsohon zani, kuma kada ya kunna su don gwaji. Ya turo mini hoton gaba da na baya inda aka rubuta suna da lamba. Wanda kuma ya san wani mai gyara da ya taɓa yi masa aiki mai kyau, a Pantami ne ko Nasarawo ko Kumbiya-kumbiya ko ina ne, ya faɗa mini ta akwatin saƙo, in je in same shi mu yi magana kafin ranar taro.